Yatsun Yaya a bakin tabarma

Wa'alaikumus salam ɗiyata, ya jego, ya ruwan zafi, ya kuma angon nawa? Allah ya raya mana shi, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne.

Na ga hotunan da kika turo tun daren jiya, sai da na lalubo tabarau sannan na gansu da kyau. Da na karanta tambayarki sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, can kuma sai jikina ya yi sanyi. Wato kin ga jaririn Turawan da a cinyar wata mata da aka lulluɓe da baƙin mayafi tun daga kai har ƙasa, shine kike tambaya ko su ma kunyar ɗan fari suke irin tamu, kuma wai ke ma dole ne ki ƙi ɗaukar hoto da ɗanki, tunda kin ji surukarki ta yi gyaran murya ranar suna da kika rungume shi kika ɗaga waya.

Toh su dai Turawa ba kunya ba ce. Irin waɗannan hotunan na fara ganinsu a 1973 ina kwalejin horon malamai mata, wata Baturiya 'yar Ingila da take koya mana tarihi ta kawo mana kundin hotunan kakanninta, manyan katuna masu kauri kamar kwali, launinsu ruwan ƙasa ruwan ƙasa, a baya an buga sunan shagon mai hoton. Muka ga wata kyakkyawar yarinya da doguwar riga mai leshi da gashi har kafaɗa, muka ce wannan kakarki ce? Ta ce a'a kakanta ne namiji, ajin nan kaf ya kwashe da dariya. Ashe a can a zamanin yara maza ma riga irin ta mata ake sa musu sai sun kai shekara biyar ko shida sannan a ɗinka musu wando. Ita ta yi mana bayanin matar cikin mayafin. Ta ce tun da aka bayyana sana'ar hoto a Faransa a 1839, babbar wahalarta ita ce sai mutum ya tsaya cak, da farko ma har mintoci, daga baya ya ragu ya koma daƙiƙu, amma kinsan daƙiƙa uku ma a wurin jariri tafiya ce mai nisa, yana motsawa fuskar ta zama hazo kuɗi sun tafi a banza. Manya har wani ƙarfe ake kafa musu a bayan wuya ya tallafi ƙeya. Jariri kuwa ba ƙarfen da zai riƙe shi sai uwarsa, su kuma hoton yaron kaɗai suke so, sai a rufa mata labule ko mayafi ta zama kamar kujera. Ki ƙara duba na biyun da kika turo, za ki ga hannunta a ƙugunsa. Rashin murmushin nan ma da kika ce ya ba ki tsoro, su a lokacin hoto babban al'amari ne, wani sau ɗaya za a ɗauke shi a duk yarintarsa, ba wurin washe baki ba ne. Har ta gaya mana wasu iyayen sai yaro ya rasu sannan su kira mai hoto, don ba su da komai na kamanninsa. Inna lillahi, wannan ya daɗe a raina. Sai a 1888 da George Eastman na Amurka ya fito da Kodak, ɗan akwatin da ke ɗaukar hoto 100 kafin a mayar da shi kamfani a wanke, sannan hoto ya fara fita daga shago ya shiga gidajen mutane.

Mu nan a wancan lokacin kyamara tana bakin teku. Akwai iyalan Lutterodt a Akara ta ƙasar Gana, akwai Jonathan Adagogo Green a garin Bonny na kudancin Najeriya da yake aiki tun shekarun 1890, mu kuwa sai da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 abin ya fara yawa, su ma sarakuna da dogarai da ganuwa da kasuwa suka fi ɗauka, yara sai dai ki hango su a gefe sun yi cirko cirko ba wanda ya rubuta sunansu. Shi ya sa ba za ki taɓa ganin kakannin kakanninki suna yara ba.

Amma abin da ya sanyaya min jiki daban ne, don ni ma ina da irin hoton nan, yana ƙasan adakata a cikin wani tsohon littafi.

A Funtuwa ne 1962, washegarin ƙaramar sallah, ina shekara bakwai, babanki yana goye ko zama bai fara ba. Shekarar auduga ta yi kyau Baba ya samu kuɗi, sai ya kirawo wani dattijon Bayarabe mai hoto, kuma saboda tsufansa ya yi masa iso har tsakar gida, abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu. Ya zo da yaronsa ɗauke da akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle yana reto a baya. Tun da asuba aka wanke mu da sabulun salo, aka mulke mu da man shanu, an yi min kitso tun jajibere har lokacin kaina na zafi, aka rambaɗa min kwalli, aka ɗaura min sabuwar atamfa da ko wanki ba ta gani ba sai ƙamshi take tana ƙara in na motsa, da awarwaro biyu na aro da suka yi min yawa. Aka jingina sabuwar tabarma a jikin danga don ta zama bango. Baba ya zauna aka ɗauke shi da babbar riga, Inna kakarmu ta zauna da carbinta, sannan Hajiya kakarki, wadda ni Yaya nake ce mata har ta koma ga Allah, ta zauna da babanki a cinya tana ta sunkuyar da kai amma dai ta zauna.

Da aka zo kaina sai na ƙi. Yaran unguwa sun riga sun gaya min akwatin nan jini yake zuƙa, kuma na ga mutumin ya tura kansa cikin baƙin ƙyalle ya ɓace sai ƙafafu, ai kuwa na fasa ihu, kwalli ya bi hawaye har haɓa. Mai hoton ya fito da kai ya ce da Hausarsa ta Yarabawa, mama ta zo ta tsaya kusa da yarinya mana. Ɗiyata tsakar gidan nan tsit ya yi kamar ruwa ya cinye mu. Abokiyar zaman Yaya ta rufe baki da gyale, Baba ya kau da kai, Yaya kuwa ta miƙa babanki ga Inna ta tashi ta bar wurin ko waiwaye babu. Ni 'yar fari ce, a gaban uwar miji za ta tsaya kusa da ni? Ko sunana ba ta taɓa faɗa ba, sai dai ke, ko wannan yarinyar. Inna ta goge min fuska da bakin zaninta tana faɗa, aka sake tsayar da ni ina ta shessheƙa.

Sai iska ta taso tana kayar da tabarmar, sau biyu yaron mai hoto yana tayarwa tana faɗuwa. A na uku sai ta tsaya ƙyam. Ban san dalili ba sai da na ji tafin hannu ta cikin tabarmar ya dafa tsakiyar bayana, da ɗuminsa, na kuma ji murya ƙasa ƙasa yadda ba wanda zai ji sai ni, ke, tsaya, ina nan. Ashe zagayawa ta yi ta bayan rumbu. Kukan nan ɗif ya ɗauke. Mutumin ya cire murfin gaban akwatin ya ƙirga ya mayar, ya cusa hannu ciki yana ta lalube, can ya fito da takarda ya tsoma a bokitin ruwa, muka ga mun fito fuska fara tufafi baƙi muka tsorata, sai da ya sake ɗaukar wannan takardar sannan kamanninmu suka dawo. A hoton nawa, can sama a bakin tabarma ta hagu, akwai yatsu huɗu da baƙin lalle. Kowa a gidan ya gani, ba wanda ya taɓa tankawa.

Da na yi wayo na tambayi Inna me ya sa Yaya ba ta sona kamar sauran. Ta ce rufe min baki, mai ɗa wawa ne, in ba a sa masa linzami ba sai ya lalata abinsa da hannunsa, kunya ita ce linzamin. Ta ce ɗa na kowa ne, ranar da uwa ta nuna nata ne ita kaɗai, ranar kowa zai janye hannunsa, ta ga in za ta iya. Kuma gaskiya ne a gida irin namu mai mutum sama da ashirin, ni ɗakin Inna na tashi tun daga yaye, abokiyar zaman Yaya ita ke min kitso, kawu ke sayo min allo. Tana kuma yawan cewa abin da kake so ba ka shanya shi a hanya, baki shi ke yanka wuya, ba kowane mai cewa tubarkalla ne ya kai ta zuci ba. Asalin abin ma ance daga filakon Fulani muka ɗauko, kinsan Inna tana da jininsu.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, akwai ciwo. Yaya ta rasu ba ni da hoto ko ɗaya da fuskata da tata suke tare, sai yatsun nan huɗu. Ni ma da na haifi yayanku babba haka na yi, ga boko na yi ga komai amma bakina ya kasa furta sunansa, ranar da ya gama jami'a ya ce Anti zo mu ɗauka na ce je ka ɗauka da babanka, na ga yadda fuskarsa ta canza, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Amma ku ma naku ya yi yawa ɗiyata. Jariri ko wankan farko ba a yi masa ba, ko huɗuba ba a yi masa a kunne ba, ya riga ya zaga WhatsApp da Facebook, mutanen da ba su san ƙofar gidanku ba sun san kamanninsa, kakarsa tana ƙauye ba ta gani ba. Mu hoto ɗaya aka yi mana muna riƙe da shi shekara sittin da ɗoriya, ku dubu ne a waya, ta faɗa ruwa shikenan. Surukarki kuma kar ki riƙe ta a rai, yadda aka rene ta kenan, kuma a gabanta dai ki riƙa sassautawa, ki miƙa mata shi ki ce Hajiya ga mijinki, ba abin da zai rage ki.

Zancen sa shi a status ki bari ki yi arba'in tukuna, in kin zo yawon arba'in sai mu zauna. Ki taho min da angona, zan fito miki da hoton ki ga yatsun kakarki da idonki, kuma ki zo da wayar da caji don takardar ta fara cin gefe, ina so ki ɗaukar min shi kafin yatsun su goge. Ki dage da kunun kanwa da zafinsa, ki gaida maigidan da Hajiya.