Hukuncin tara sulallan azurfa masu hoton shaho da mikiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mazaunin Kanada ne, aiki ya kawo ni. Na ɗan jima ina sayen sulallan azurfa da gidan buga kuɗi na gwamnatin nan ke fitarwa, musamman jerin nan na tsuntsaye masu farauta, yanzu ina da ƙwaya 24, wasu a shago na saya wasu kuma ta intanet aka aiko min a gidan waya. Wani aboki ya zo ya gani ya ce haram ne saboda hoton tsuntsu, har ya ce mai mujiyar ma na fitar da ita daga gida. Sannan akwai wanda yake son ya ba ni sulalla biyu na gama-gari ya karɓi ɗaya tawa mai shaho. Don Allah Malam mene ne hukuncin ajiye su, kuma akwai zakka a kai?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillah, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Toh ɗan uwa, abokinka ya tsorata ka da ƙaramin abu, babban kuma yana cikin tambayar taka ka wuce shi da gudu. Hoton tsuntsun akwai magana a kansa amma mai sauƙi ce. Inda hankalina ya tashi shi ne inda ka ce ana aiko maka a gidan waya, da wancan musayar ta biyu da ɗaya, domin nan ƙofar riba ce.

Jerin da kake magana iri huɗu ne, a 2014 aka fitar da mai shaho da mai mikiya mai farin kai, a 2015 aka fitar da shaho mai jan wutsiya da mujiya mai tukkun kunne. Kowace ɗaya oza guda ce, wato giram 31.1, azurfa tsantsa kusan ɗari bisa ɗari, an rubuta dala 5 a jiki, ɗaya fuskar kuma kan Sarauniya Elizabeth ne. Amurka ma tun 1986 take buga nata mai mikiya, Ostareliya ma tana buga nata. Hukuncinsu duka ɗaya ne, azurfa ce, duk adon da aka yi mata bai fitar da ita daga zama azurfa ba.

Batun hoto. A zamanin Annabi (SAW) shi da sahabbansa ba su da kuɗin da suka buga da kansu, dinarin Rumawa suke mu'amala da shi mai hoton sarkinsu, da dirhamin Farisa mai hoton Kisra a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma wurin bautar wuta. Da su ake biyan sadaki, da su ake fitar da zakka, a aljihu da ɗauri ake yawo da su, har zuwa zamanin Abdulmalik ɗan Marwan wanda a shekara ta 77 bayan hijira ya buga dinari mai rubutu zalla babu hoto. Ka ga kenan riƙe kuɗi mai hoto ba sabon abu ba ne a musulunci, nairar da muke kashewa ma ai cike take da fuskokin mutane, tambarin ƙasar kansa mikiya ce da dawakai biyu. A wurin malamanmu na Malikiyya hoton da yake haramun kai tsaye shi ne wanda ya haɗa abu uku, na mai rai ne, yana da jiki mai inuwa kamar gunki, kuma gaɓoɓinsa cikakku ne. Wanda yake shafe a jikin bango ko takarda makaruhi ne, in kuma a wurin wulaƙanci yake kamar shimfiɗa barinsa dai ya fi. Kan Sarauniya kai ne kawai babu gangar jiki, ya fita daga haramcin. Tsuntsun ya ɗan yi tudu in ka shafa, shi ya sa wasu malamai suke ƙyamarsa fiye da zanen takarda, amma ba gunki ne mai tsayuwa da kansa ba, kuma kai ba kai ka zana ba, tsananin narkon da ya zo a hadisai a kan masu yin surar ne.

Amma fa akwai bambanci tsakanin wanda larurar ciniki ta sa ya riƙe kuɗi mai hoto da wanda hoton ne ya ja shi ya saya. Don haka abin da nake ganin ya fi: ka ajiye su a rufe cikin robobinsu a akwati, a matsayin dukiya. Kada ka jera su a firam ka rataye a falo ana zuwa kallo, domin nan ne ake shiga girmama hoto, kuma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare ko hoto ingantacce ne, haka labarin labulen Nana Aisha da Annabi (SAW) ya ƙi har aka mayar da shi matasan kai. Wanda ya yi sallah da ɗaya a aljihu sallarsa ta yi. In nan gaba za ka ƙara saye don ajiyar dukiya, sandar azurfa marar hoto ta fi kuɓuta, ta fi araha ma.

Maganar mujiya kuwa camfi ne, Larabawan jahiliyya ma suna da irinsa, Annabi (SAW) ya kore shi a hadisin da ya ce babu camfi da tsuntsu babu "hama", malamai da yawa sun fassara ta da mujiya. Hukuncin mai mujiyar daidai yake da na sauran ukun.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya da kyau. Muslim ya ruwaito daga Ubada ɗan Samit cewa Annabi (SAW) ya ce zinare da zinare, azurfa da azurfa, ya ambaci alkama da sha'ir da dabino da gishiri, daidai wa daida, hannu da hannu, in jinsin ya bambanta ku sayar yadda kuka ga dama matuƙar hannu da hannu ne. Sharaɗi biyu ne a nan. In azurfa ce da azurfa dole nauyi ya zo ɗaya kuma a karɓa nan take. In azurfa ce da wani kuɗi daban, nauyi ya faɗi, nan take ɗin ya saura.

Saboda haka wancan cinikin na biyu da ɗaya bai halatta ba, oza biyu da oza ɗaya riba ce ko da a kasuwa farashinsu ya zo daidai, ko da tsuntsun ya yi wuyar samu. Irin wannan tambayar an yi wa Abdullahi ɗan Umar, yana cikin Muwaɗɗa, wani maƙerin zinare ya ce yana ƙera abu ya sayar da fiye da nauyinsa don ya ci ladan aikin hannunsa, Ibn Umar ya hana shi, mutumin ya yi ta binsa yana maimaitawa har bakin ƙofar masallaci ko gun abin hawansa, ya ce masa dinari da dinari, dirhami da dirhami, babu fifiko a tsakani, wannan ne alkawarin Annabinmu gare mu, shi ne alkawarinmu gare ku. Na san Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun yi sassauci a kan kayan ado na mata, cewa ƙira ta mayar da su haja, amma sun sa sharaɗin kada a nufe su a matsayin kuɗi, su kuma waɗannan sulallan gwamnati ce ta buga su da darajar kuɗi a jiki, mafi yawan masu sayensu ajiyar dukiya suke yi, ban ga yadda wannan sassaucin zai kai gare su ba, kuma mazhabobi huɗu a kan hanin suke. Mafita tana cikin hadisin dabinon Khaibara, inda Annabi (SAW) ya ce wa ma'aikacinsa ya sayar da dabinon gama-gari da dirhami sannan ya sayi mai kyan da dirhamin. Kai ma ka sayar da taka da dala ka karɓi kuɗinka a hannu, in kana son na gama-garin ka je ka saya. Sai dai malamanmu ba sa son a ƙulla abin biyu da mutum ɗaya a zama ɗaya bisa sharaɗi, domin ya zama dabara ce kawai, kuɗin sun shiga sun fita, biyu da ɗayan tana nan.

Wani zai ce to ai dala 5 aka rubuta, ya ake sayenta da dala masu yawa, ba riba ba ce? A'a. Abin da kake saye azurfar ce, rubutun dala 5 suna ne kawai na doka, babu mai kai ta kanti ya sayi burodi. Kuɗin takarda jinsi ne daban, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta tabbatar cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinare da azurfa wajen riba da zakka. Don haka ƙarin da kake biya saboda zane ko ƙarancin bugu halal ne in da dala ka biya, ka dai kiyayi almubazzaranci. Abin da ya rage shi ne hannu da hannu, kamar yadda kake yi da ɗan canji a Wapa, ka miƙa ya miƙo.

Wannan sharaɗin ba wasa ba ne. Malik ɗan Aus ya yi canjin dinari ɗari da Ɗalha ɗan Ubaidullah, Ɗalha ya karɓi zinaren yana jujjuyawa ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri kusa da Madina, Sayyidina Umar yana ji ya rantse cewa ba za su rabu ba sai ya karɓi nasa. Ɗalha fa, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da aljanna, babu mai tuhumarsa da cin kuɗin wani, amma Umar bai yarda da jinkirin sa'o'i ba. To ina ga ka biya yau kayan ya iso bayan sati biyu, ko ka biya kuɗin wadda ba a ma buga ba tukuna, ko a ce ka riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata? Waɗannan duka ba su halatta ba.

Wanda ka saya a shago ka biya da tsaba ko da katin da ke cire kuɗi daga asusunka nan take ka fito da kayanka, wannan lafiya lau. Na intanet kuma hanya biyu na sani. Ko dai ka wakilta wani amintacce a garin da mai sayarwar yake, shi zai ƙulla cinikin shi zai biya shi zai karɓa a zama ɗaya, bayan nan ya aiko maka ko wata nawa za ta yi a hanya, don ta riga ta zama taka. Ko kuma kamfanin ya kasance a lokacin da kuɗinka ya shiga yake ware maka kayanka takamaimai da sunanka ya ba ka shaidar mallaka, wanda malaman zamani suke ɗauka a matsayin karɓa ta hukunci, hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi na musulunci ta tafi a kan haka a ma'auninta na zinare mai lamba 57 a 2016. Amma "mun karɓi odarka" a imel ba karɓa ba ce, sau da yawa kayan ma ba ya hannunsu. Waɗanda suka riga suka zo maka ta wannan hanyar kana cikin rashin sani, ka yi istigfari ka riƙe abinka, kada ka sake. Ranar da za ka sayar kuma ka bayyana aibi, sulallan Kanada na waɗancan shekarun sun yi suna da wani farin tabo kamar na madara, kar ka ɓoye shi a hoton talla.

Zakka kuwa ta hau kanka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kusan giram 595, ƙwaya 19 ba su kai ba da kaɗan, 20 sun wuce. Kai kana da 24, giram 746 da ɗan ɗoriya kenan, in shekarar musulunci ta zagayo tun ranar da ka mallaki nisabi za ka fitar da ɗaya bisa arba'in, kusan giram 18.7, wato rabin sule da ɗan ƙari. Ba sai ka yanka ba, ka duba farashin ranar ka ba da kuɗinsa, in ka yi lissafi da farashin da sulallan suke yi a kasuwa ya fi kuɓutar da wuyanka kuma ya fi amfanar talaka. Cewa don sha'awa ka tara ba don kasuwanci ba bai sauke ta ba, zakkar azurfa a jikinta take, sassaucin da Malikiyya suka yi na kayan adon da mace ke sawa ne. Ko da ma ba su kai 20 ba, ana haɗa su da zinare da kuɗin da ke banki a cika nisabi. In akwai shekarun da suka wuce ba ka fitar ba, ka lissafa kowace shekara da abin da ke hannunka a lokacin ka biya, bashi ne na talakawa. Ayar Suratut Tauba da ta yi narko ga masu taskance zinare da azurfa, Ibn Umar ya fassara taskar da dukiyar da ba a fitar mata da zakka, wadda ake fitarwa ba ta shiga ciki.

Wallahu a'alam.