Me ya sa nake kewar cips ɗin da aka daina yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na yi wani ɓangare na ƙuruciyata a Ingila, daga ina shekara 7 zuwa 11, lokacin da mahaifinmu yake karatu a can a ƙarshen shekarun 1990. Akwai wani cips na dankalin turawa mai ɗanɗanon miyar Worcester (wata miyar kwalba ta Ingila), na wani ƙaramin kamfani, da nake saya a kantin bakin layinmu idan an taso daga makaranta. Bara na koma, na yi ta nema ban samu ba, aka ce an daɗe da daina yin sa. Na sayi na wasu kamfanoni masu irin sunan, amma ko ƙafarsa ba su kama ba. Abin ya tsaya mini a rai, har maigidana yana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Me ya sa kamfani zai daina yin abin da mutane ke so? Kuma me ya sa ɗan abin leda zai dame ni haka? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba shagwaɓa ba ce. A 2023 kamfanin Walkers, wanda ke birnin Lesta, ya tabbatar da cewa ya daina yin nasa mai ɗanɗanon Worcester ɗin, wanda ake sa wa leda mai launin shunayya. Manya da gemunsu da furfurarsu suka yi ta ƙorafi a intanet, ba su haƙura ba sai da aka dawo da shi a 2025. In dai har baligai za su tayar da jijiyar wuya a kan cips, to akwai abin da ke ƙarƙashin maganar.

Bari mu fara da abin da ke cikin ledar. Dankalin kansa kusan iri ɗaya ne a duk cips. Ana yanka shi siriri, kaurinsa bai fi milimita ɗaya da rabi ba, a wanke sitacinsa, a soya a mai mai zafi har ruwan jikinsa ya koma ƙasa da kashi 2 cikin 100. Daga nan sai ya faɗa cikin wata babbar ganga mai juyawa, ana barbaɗa masa gari tun yana da ɗumi, man jikinsa yana riƙe garin. Wannan garin, wanda bai kai kashi 10 cikin 100 na nauyin cips ɗin ba, shi ne duk abin da kike kewa. Da can babu shi ma. Frank Smith, wanda ya kafa kamfaninsa na cips a Landan a 1920, ɗan ƙullin gishiri yake sakawa a cikin takarda, kowa ya barbaɗa da kansa. Sai a 1954 ne Joe Murphy, mai kamfanin Tayto a Dublin ta ƙasar Ailan, ya fito da mai ɗanɗanon cuku da albasa, daga nan ƙofa ta buɗe.

Abin da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne, mai soya dankalin ba lallai shi ne mai haɗa garin ba. Akwai kamfanoni na daban da sana'arsu ke nan, haɗa kayan ɗanɗano, kuma kowane haɗi sirri ne tsakaninsu da wanda ya yi oda. Shi ya sa leda biyu za su ɗauki suna ɗaya amma su sha bamban a baki, kamar yadda masu tsire biyu a layi ɗaya kowa yajinsa daban. Idan ƙaramin kamfani ya rufe, ko wani babba ya saye shi, sau da yawa haɗin nan yakan tafi tare da shi. Ina kyautata zaton abin da ya sami naki ke nan.

To, me ke sa a daina? Na yi shekaru ina aikin haɗa sababbin kayan ciye-ciye a masana'anta, kuma abin da na gani da idona shi ne, ba a tambayar ko mutane na son abu. Tambayar da ake yi ita ce, leda nawa ke barin kanta a mako. Babban kanti yana da iyakar wuri, kuma kowane taƙi na kanta kuɗi ne. Ɗanɗanon da mutum dubu ke mutuwar so amma suke saye jefi-jefi, ba zai iya ja da mai gishiri zalla ba, wanda ba wanda ke yi masa waƙa amma kowa na ɗauka. A cikin masana'antar ma haka ne. Duk lokacin da za a canja ɗanɗano sai an tsayar da injin, a wanke gangar nan tas, musamman idan garin baya yana da madara ko wani abin da ke tayar wa wasu mutane da borin jini. Na sha tsayawa ina kallon ma'aikata da burushi da tiyo suna kankare jan gari daga lungunan ganga, manaja yana duba agogo, don duk mintin da injin ya yi shiru asara ce. Ɗanɗanon da ba ya biyan kuɗin wankinsa, kwanansa ya ƙare.

Wasu kuma tun asali ba don su daɗe aka yi su ba. A 2008 Walkers ya buɗe gasa ya ce jama'a su kawo shawarar sabon ɗanɗano, har da mai sunan kurege ya kai zagayen ƙarshe. Wanda ya ci a 2009, mai ɗanɗanon karin kumallon magina, bai daɗe a kasuwa ba aka janye shi. Ya riga ya yi aikinsa, ya sa an yi ta zancen kamfanin. Sai kuma doka. A 2024 Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izinin wasu sinadarai 8 masu ba abinci ƙamshin hayaƙi, saboda hukumar kula da lafiyar abincinta ta nuna damuwa a kansu, aka ba masu cips shekara 2 su nemi madadi.

Amma ga inda tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi. A ce yau an nemo takardar haɗin nan an sake yin sa, ina mai tabbatar miki da wuya ki ji shi yadda kika san shi. Dalili na farko yana cikin kaskon suya. Daga 2006 hukumar abinci ta Birtaniya ta sa wa kamfanoni mizanin rage gishiri, aka yi ta ragewa sannu a hankali yadda harshe ba zai farga ba. An canja man suya, aka koma ga wanda kitsensa bai kai na da nauyi ba. Ko a 2022, da yaƙin Yukiren ya jawo ƙarancin man sanfulawa, masu cips da dama sun koma man kanola. Mai kuwa shi ke ɗaukar ƙamshi ya kai shi hanci. Garin jiya a kan man yau wani abu ne daban.

Dalili na biyu yana jikinki. Harshe abu biyar kawai yake ganewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da wannan garɗin da ake ji a romon nama ko daddawa. Mafi yawan sauran abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne, wanda ke hawa daga bayan maƙogwaro zuwa hanci lokacin da ake tauna. Shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa salaf. A cikin hanci akwai nau'in masu karɓar ƙamshi kusan 400, kuma saƙonsu yana da gajeriyar hanya zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsin zuciya da ajiyar abin da ya wuce, gajeriyar da gani da ji ba su da irinta. Masu bincike sun lura cewa tunanin da ƙamshi ke tonowa yawanci na shekaru goman farko na rayuwa ne. Ki duba shekarun da kika ambata, 7 zuwa 11.

Ni kaina, akwai wani turaren wuta da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take sawa a kasko bayan magariba. Na taɓa shiga wani gida a Zariya na ji shi, sai da na dafa bango. Ban tuna ɗakinta ba, na tsinci kaina a cikinsa ne, har da tabarmar da fitilar ƙwai. Abin da cips ɗin nan yake riƙe miki da shi ke nan: sanyin la'asar na ƙasar, yunwar tashi daga makaranta, tsabar kuɗin da ke tafin hannunki, ƙarar ledar, mahaifinki yana da sauran ƙuruciya. Ƙwaƙwalwa ta ɗaure su duka a ƙulli ɗaya ta sa musu sunan Worcester. Har ƙarar taunar tana ciki. A 2004 Charles Spence na Jami'ar Oxford da abokin aikinsa Massimiliano Zampini sun sa wa mutane abin ji a kunne suna cin wani cips mai suna Pringles, da aka ƙara ƙarfin ƙarar ƙurus-ƙurus ɗin sai suka ce cips ɗin ya fi sabunta, alhali duk iri ɗaya ne. Saboda haka ban yarda da maigida ba a nan, da girmamawa. Mutum na iya jin daɗin bana sarai, ƙamshi ya zo ya ja shi bara ba tare da ya nemi izini ba.

Duk da haka za ki iya matsawa kusa da shi a madafinki, kuma kin yi sa'a da ɗanɗanon da kika zaɓa. Miyar Worcester, wadda masu ita ke furtawa Wusta, wasu masu haɗa magani biyu ne, Lea da Perrins, suka fara sayar da ita a 1837, kuma cikin kayan haɗinta akwai tsamiya, albasa, tafarnuwa, ƙananan kifi, ruwan khal da baƙin ruwan rake. Kusan duk muna da su ko danginsu a kasuwar Kaduna.

Ki samu dankalin Jos mai tauri, wanda bai fara tsiro ba, kuma kada ki sa shi a firij, don sanyi na mayar da sitacinsa sukari, sai ya yi baƙi a mai tun bai soyu ba. Ki yanka siriri yadda haske zai ratsa, ki wanke har ruwan ya daina fari, ki shanya a tsumma mai tsabta ya tsane sosai. Kada ki zuba ruwan tsamiya a kai, zai yi laushi nan take. A masana'anta ma busar da khal ɗin ake yi ya zama gari. Don tsami ki yi amfani da garin ƙwame, na 'ya'yan kuka, wanda a bushe yake tun daga bishiya. Ki haɗa shi da gishiri, garin albasa, garin tafarnuwa, ɗan mazarƙwaila busasshiya, kanumfari ƙwaya ɗaya ko biyu, da ɗan busasshen kifi kaɗan wanda ba zai fito fili ba. Ki daka su lukui, ki tankaɗe da rariya mai laushi, don gari mai tsakuwa ba ya kama jikin cips, ƙasan kwano yake zubewa. Da kin tsame dankalin daga mai, ki juye a roba mai murfi, ki barbaɗa tun yana turiri, ki rufe ki girgiza. Ki fara da kaɗan, ki ɗanɗana, ki rubuta ma'aunin da kika sa kowane karo. Idan kika ji wani abu ya rage amma kin kasa gane shi, tsamin za ki fara ƙarawa kafin gishiri.