Amsata ga Yaya Hajiya kan sakamakon makarantarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yaya Hajiya, barka da dare, ya gida ya yara? Na ji saƙon muryarki tun da la'asar, amma ina makaranta, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Baffa, ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, don maganar ta shafi 'ya'yanmu gaba ɗaya, shi ya sa na ga gara na amsa a nan kowa ya ji.

Kin ce autanki ya gama JSS3, kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfinku bana, kina so ki kawo shi makarantar gwamnatin da nake koyarwa a nan Kano. Sai maƙwabciyarki ta ce miki yaranmu zubewa suke yi a WAEC da NECO, kada ki kashe masa karatu. Kin ce in faɗa miki tsakanina da Allah.

To Yaya, ba ta yi ƙarya ba. Idan aka kafe sakamakonmu a allo, waɗanda suka haɗa kiredit biyar har da Turanci da lissafi ba su kai yadda muke so ba, kuma abin yana ci mini rai kowace shekara. Amma kafin ki yanke hukunci, bari in faɗa miki su waye suke zaune a gabana kullum, don ita takardar sakamako ba ta nuna fuskar kowa.

Ajin SS1 da nake shiga, sunayen da ke rajista sun haura ɗari. Tsarin ilimi na ƙasa kuwa malami ɗaya ga yara 40 ya tanada a sakandare. Na gaba suna kan benci, na tsakiya a ƙasa, na baya a jikin taga. A cikinsu akwai ɗan ƙaramin ma'aikaci, akwai ɗan mai shayi, akwai maraya, akwai wanda aka turo daga ƙauye yana zaune gidan kawunsa yana yi musu aike. Akwai wanda ya fara da tsangaya, ya shigo boko da ƙasumbarsa ta fara fitowa. Akwai 'ya'yan Yarabawa da Nufawa da Barebari waɗanda a nan aka haife su. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 muka samu sabbin baƙi, wato irin ɗanki, waɗanda iyayensu suka ciro su daga makarantun kuɗi. Duk ƙofa ɗaya suke shigowa, ba ma mayar da kowa.

Akwai wani yaro da kullum sai an gama darasin farko yake shigowa, ƙafar wandonsa a jiƙe. Na zane shi sau biyu, Allah ya yafe mini. Rana ta uku na ja shi gefe na tambaye shi. Ashe kurar ruwa yake turawa bayan asuba, sai ya sauke biyu yake samun abin da zai bar wa mahaifiyarsa da ƙannensa. Idan an tashi kuma ya wuce Kantin Kwari ɗaukar kaya. Yaya, yaron nan idan na yi bayanin lissafi da Hausa, kafin in juya ya ba ni amsa. Amma idan na miƙa masa tambayar nan dai a rubuce da Turanci, sai ya tsaya yana bin kalmomin da yatsa, leɓensa na motsi, har lokaci ya ƙare. Ba daƙiƙi ba ne, wallahi. Yana da izu ashirin a ka. Turancin ne ba a kafa masa tun firamare ba, aka yi ta tura shi aji gaba, ga shi kuma banda darasin Hausa da Larabci, jarrabawar duk da Turanci take zuwa. Irinsa sun fi yawa a wajenmu, kuma sakamakonsu ne maƙwabciyarki take gani.

Ita kuma tana auna mu da su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Waɗannan kwalejojin kimiyya ne, tun 1977 aka kafa su, kuma sai yaro ya ci jarrabawar shiga ake ɗaukarsa. An tace, an zaɓi masu ƙoƙari, an ajiye su a makarantar kwana, ba tura kura, ba neman kuɗin adaidaita sahu. Dole sakamakonsu ya yi kyau, kuma ina alfahari da su. Mu jeka-ka-dawo ne, wanda tankaɗe ya rage ma namu ne. Sai kuma wasu wuraren da za ki ji an ce kowa ya ci, babu wanda ya faɗi. Wasu da guminsu ne. Wasu kuwa, kowa a garin nan ya sani, biya ake yi a rubuta wa yara amsa a allo. Yaron zai fito da A1 da B2 jere, ya je JAMB gaban kwamfuta, cikin maki 400 ya kasa kawo 150.

Kuma shi kansa adadin na ƙasa yana hawa da sauka. A WAEC ta 2024 kashi 72 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar ɗin nan. A 2025 aka fara sanar da kashi 38, hankalin iyaye ya tashi, bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an samu kuskure, ta gyara ya koma kusan 63.

Ban ce ba mu da laifi ba. Akwai malamin da zai ba shugaban aji littafi ya kwafa a allo, shi ya fita. Akwai lokacin da za a yi zango guda babu malamin fiziks. Ɗakin gwaje-gwajenmu sai jarrabawa ta matso ake buɗe shi sosai. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, muna fatan abin ya kai ga rage cunkoson aji, don ni a wajena nan ne ciwon yake. Malami ɗaya ba zai duba rubutun insha'i ɗari da wani abu kowane mako ya gyara wa kowa kurakuransa ba.

Amma kowace shekara, daga cikin wannan cunkoson, muna fitar da yara su shiga Jami'ar Bayero da ABU Zariya, wasu har likitanci da injiniya, ba tare da an ba su amsa ko ɗaya ba. Na lura da su sosai. Kusan dukkansu sun zo sun iya karatu da kansu, suna sammako su kama bencin gaba, kuma akwai wani a gida da yake buɗe jakarsu da daddare. Ɗanki yana da wannan gatan.

Shawarata, idan an buɗe jarrabawar shiga kwalejin kimiyya, ya zauna. In ya samu, alhamdulillahi. In bai samu ba, ki kawo mini shi, hankalinki kwance. Sai dai ki sani a SS2 akwai kwalifayin, wato jarrabawar tantancewa, wadda gwamnatin jiha take dubawa ta biya kuɗin NECO na waɗanda suka ci ta, don haka shiri daga zangon farko yake farawa. Kuma ki san abokansa, don a makaranta mai dubban yara, wanda ya tsallake katanga ƙarfe goma ba lallai a gane ba ya nan ba.

Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo bayan azahar. Ki ce ya fito da littattafansa na Turanci da lissafi na JSS3. Zan buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba ya karanta mini da ƙarfi, sannan ya faɗa mini da Hausa abin da ya fahimta. A gaishe da Alhaji da yara. Baffa, a ci gaba da sa mu a addu'a. Sai da safenku.