Amsa Ga Yarona Kan Sabon Injin Yankan Sitika Da Yake Ba Shi Matsala

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na karanta shi har sau biyu, domin na san irin wahalar da ka sha kafin ka tara kuɗin wannan inji. Ka ce yau kwana goma sha ɗaya ke nan da sabon injin yankan sitika mai faɗin inci 24 ya iso shagonka a Rigasa daga hannun wani dillali a Legas, kuma tun rana ta uku yake ba ka matsala iri uku. Kusurwoyin haruffa ba sa haɗuwa, idan aiki ya yi tsawo sai ya tsaya a tsakiya ko ya ja wuƙa ya tsaga sitikar a karkace, sannan yankan gefen hagu ya fi na dama zurfi. Ka tambaye ni ko ka ɗauke shi zuwa Panteka a buɗe a duba, ko kuwa ka mayar wa mai shi.

Kada ka bari kowa ya sa sukudireba a jikinsa. Ba raina masu gyaran Panteka nake yi ba, akwai gwanaye a cikinsu waɗanda suka sha ceto na a kan tsofaffin injina. Amma sabon inji yana zuwa da ƙananan hatimai a kan ƙusoshinsa, kuma ranar da ɗaya ya yage, ranar dillali ya samu hujjar cewa kai ka lalata shi. Na taɓa ganin abokin sana'a ya yi asarar garantin shekara guda saboda ya buɗe murfi don kawai ya leƙa, alhali lahanin tun daga kamfani yake. Haka kuma kada ka yi gaggawar mayar da shi gobe, saboda biyu daga cikin abubuwa ukun da ka lissafa sun fi kama da matsalar saiti da ta wuta, kuma idan ka tura injin Legas aka gwada aka ga yana yanka lafiya, ka biya kuɗin mota a banza, ka kuma rage wa maganarka nauyi ranar da za ka kai ƙorafi na gaskiya.

Ka fara da raba injin da kwamfuta. Ka zare wayar da ke haɗa su, ka sa guntun sitika, ka danna maɓallin gwaji da ke jikin injin. Zai yanka ɗan murabba'i, galibi da alwatika a cikinsa. Wannan ƙaramin yanka shi ne alƙalinka na farko, domin babu hannun manhaja ko waya a cikinsa. Idan ya fita tsaf, ka ɓare shi ba tare da ya ja na kusa da shi ba, to kan injin da motocinsa suna aiki, sai mu nemi laifin a wani wuri.

Maganar kusurwoyi kusan kullum daga wuƙa take. Kuskuren da kowane sabon hannu yake yi, kuma na sha gyara maka shi lokacin da kake gabana, shi ne fito da tsinin wuƙa da yawa. Kaurin sitikar da muke rubutun shaguna da ita bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, saboda haka tsinin da ake buƙata bai wuce rabin kaurin katin ATM ba, har ya zama kana jin sa da yatsa fiye da yadda kake ganin sa. Ka ciro mariƙin wuƙar, ka riƙe shi a tsaye kamar biro, ka zana da'ira a kan guntun sitika da hannunka. Idan ya yanka sitikar ya bar ɗan sawu kaɗan a kan takardar baya, ya yi daidai. Idan ya huda takardar, ka mayar da tsinin ciki. Daga nan ka duba ko wuƙar tana juyawa a sake cikin mariƙinta, domin ita wannan wuƙa jan ta ake yi, tana bin bayan kan injin tana juyawa da kanta a kowace kwana, kuma ƙura ko ɓurɓushin gam kaɗan ya isa ya hana ta. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki yana warware wannan.

Sai kuma ofset, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar mariƙi da tsinin wuƙa, wadda manhaja take lissafi da ita wajen shan kwana. Wuƙa mai digiri 45, wadda ita ce ta aikin yau da kullum, yawanci 0.25 na milimita take so. Idan lambar ta yi ƙasa, kusurwoyi sukan fito a lanƙwashe kamar an goge su. Idan ta yi sama, sai ka ga wasu ƙananan ƙahoni sun tsiro a kowace kusurwa. Siffar kusurwar kanta za ta gaya maka inda za ka matsa. Idan kuma farkon layi da ƙarshensa ne ba sa haɗuwa, akwai saitin da ke sa wuƙa ta ɗan zarce inda ta faro, ka ƙara shi kaɗan. Ka rage gudu idan haruffan ƙanana ne, ka fara da matsi kaɗan kana ƙarawa a hankali, maimakon ka danne wuƙa da ƙarfi har ta cinye farin layin robar da take sauka a kai.

Matsala ta biyu ita ce ta fi ɓata wa mutum rai, saboda tana cinye kaya, kuma ina da yaƙinin cewa lokacin da muke ciki yana da hannu a ciki. Hunturu ne, iskar Kaduna ta bushe ƙamas. Sitika roba ce, kuma duk lokacin da take warwarewa daga nadi tana goguwa da jikin injin gaba da baya, tana tara irin wutar nan da kake ji ta ɗan fizge ka idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi. Da damina danshin iska yana kwashe ta, amma yanzu ba ta da hanyar fita, sai ta taru har ta yi tsalle ta shiga fanel ɗin injin ko wayar USB, umarnin da kwamfuta take aikawa ya rikice, injin ya tsaya ko ya ja layi zuwa inda ba a aike shi ba. Abin da ya sa ƙananan ayyuka suke fita lafiya, manya kuma su lalace a tsakiya, shi ne ƙaramin aiki yana ƙarewa kafin wutar ta taru.

Maganinta ba shi da tsada. Ka duba cikin kwalin, sau da yawa akan sako wata siririyar waya wadda mutane suke jefarwa saboda ba su san amfaninta ba. Aikinta ta haɗa ƙarfen jikin injin da ƙarfen ƙafafunsa. Ka ɗaura ta. Sannan ka kira mai wayarin ya tabbatar maka cewa ramin na uku na soket ɗin shagonka yana da wayar at, wato wayar da take kwashe wutar da ta taru zuwa ƙasa, kuma ta isa ƙasa da gaske, domin shaguna da yawa a unguwanninmu waya biyu kawai aka ja musu, kuma janareta ma yana buƙatar a kafa masa nasa ƙarfen a ƙasa. Kada sitikar ta riƙa jan ƙasa a kan kafet ko leda. Ka warware iya tsawon da aikin zai ci tun kafin ka fara, ka goge bayan takardar da tsumma mai ɗan danshi, ka yayyafa ruwa a daɓen shago da rana. Wayar USB da ake sakowa da injina masu araha ba ta da kirki, ka sayi gajera mai kauri, kada ta wuce mita biyu ko uku, ka soka ta kai tsaye a kwamfuta. Idan injin yana da ramin siriyal mai fil tara, ya fi jure wannan matsala, sai dai dole lambar COM, wato lambar da kwamfuta take ba wa ramin, da saurin aikawa, wanda galibi 9600 ne, su zo ɗaya a injin da manhaja. Ka hana kwamfutar yin barci lokacin aiki. Game da wutar NEPA kuwa, ba sai na tuna maka ba cewa inji irin wannan ba a jona shi sai ta bayan sitabilaiza, kuma idan ana sauyawa zuwa janareta a kashe shi tukuna.

Duk waɗannan gwaje-gwaje ka yi su da biro da takarda. Injin ya zo da mariƙin biro, ka sa shi a gurbin wuƙa, ka shimfiɗa takarda mai faɗi, ka tura aikin nan da ya lalace. Babu dalilin ƙona nadin sitika wajen neman laifi.

Abu na uku ne ya tsaya mini a rai. Zurfin yanka bai kamata ya bambanta tsakanin hagu da dama a sabon inji ba. Ka fara shafa farin layin robar da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ka ji ko ya kumbura ko ya ɓalle a wani wuri, ka kuma tabbatar tayoyin da ke danne sitika suna zaune daidai a kan wurare masu kaushi na rola. Idan waɗannan lafiya suke, ka zana ƙananan murabba'ai goma a jere daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, ka bar biro ya zana su, sannan ka maimaita da sabuwar wuƙa. In har zanen yana dusashewa yayin da kan injin yake tafiya gefe ɗaya, to ƙarfen da kan yake gudu a kai ya lanƙwashe ko ya goce, ko dai daga kamfani ko a hanyar Legas zuwa nan, kuma wannan ba abin da saiti zai gyara ba ne. Haka nan idan ka zana murabba'i mai santimita 10 ka auna ka ga yana canzawa daga gwaji zuwa gwaji, ko kan injin yana dukan bango yana gurnani idan an kunna shi, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ka kashe shi ka daina gwaji. Wannan na mai shi ne.

Amma kada ka jira sai ka gama bincike kafin ka sanar da dillalin. Yau ɗin nan ka rubuta masa ta WhatsApp, a rubuce, domin kiran waya ba ya barin shaida. Ka faɗi ranar da ka saya da ranar da kaya ya iso, ka tura hoton rasit da na lambar da ke manne a bayan injin, ka lissafa matsalolin a taƙaice cikin ladabi. Idan ka gama gwaje-gwajen, ka ɗauki bidiyo guda wanda ba a yanke ba, ya fara daga lambar injin, ya nuna sitabilaiza da wayar at, ya nuna hatiman ba a taɓa su ba, sannan ya nuna murabba'an goma ana zana su har zuwa sakamakon. Gani ya kori ji. Abu na farko da dillalin zai ce maka shi ne wutar shagonka ce ta ƙona shi, na biyu kuma ba ka iya aiki da shi ba, kuma wannan bidiyo yana rufe ƙofofin biyu tun kafin a buɗe su.

Ka nemi musanya, kada ka fara da neman gyara. Injin da bai yi sati biyu ba, kuɗin sabo ka biya, sabo ya kamata ka riƙe. Malamanmu na fiƙihu suna kiran wannan hiyarul aibi, wato haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan ya gano aibin da ke jikinsa tun kafin ciniki. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba da wata uku a mayar da kaya mai lahani a gyara, ko a musanya, ko a biya kuɗi. Sai dai ma'anar mai saye a dokar ba ta haɗa da wanda ya sayi kaya don ƙera wasu kayan sayarwa ba, dillali mai wayo kuma yana iya fakewa da hakan, shi ya sa takardar garanti da alkawarin da ya rubuta maka suka fi zama madogararka. Ka karanta takardar da kyau, za ka ga wuƙa da layin roba ba sa ciki, saboda kaya ne masu cinyewa.

Idan ya ce zai aiko maka da fanel ko sabon kai ka sauya da kanka, kada ka karɓa sai ya rubuta cewa shi ya ba da izinin buɗewa kuma garanti yana nan. Idan ya ce ka turo injin, ku daidaita tukuna a kan wanda zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, da ranar da za a dawo da shi, domin inji yakan shafe wata uku a bayan shago idan ba a yanke rana ba. Ka cire wuƙa, ka ɗaure kan injin kada ya riƙa kai da kawowa, ka mayar da shi cikin kwalinsa da kumfarsa na asali, ka ɗauki hoto kafin ka rufe da bayan ka rufe, ka ajiye takardar da za a ba ka a tasha.

Ayyukan mutane da ka karɓa kuma kada su kwana saboda wannan. Ka zo da su a filasha ranar Asabar bayan la'asar ka yanka a injina, ka taho da mariƙin wuƙarka da takardar murabba'an nan goma in gani da idona kafin ka tura wa dillalin bidiyon.