Wayar Lantarki a Ƙasar Dusar Ƙanƙara: A Binne Ta Tsirara ko a Cikin Bututu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Zariya ne mazaunin Amurka, kuma bara na sayi wani ɗan gida mai fili a karkarar kudancin jihar Minesota, inda nake kiwon awaki da 'yan kaji. Daga gidan zuwa ɗakin dabbobin akwai nisan ƙafa 150, hanyar mota ta tsakuwa kuma ta ratsa tsakaninsu. Da sanyi ya kama, sai na shimfiɗa doguwar wayar jona wuta a kan ƙasa daga gareji zuwa can, domin fitila da na'urar ɗumama ruwan shan awaki mai wat 1500. Dusar ƙanƙara ta rufe wayar, ran nan a watan Janairu motar da ke share mana hanya ta datse ta gida biyu, muka kwana uku muna jidar ruwan zafi a bokiti. Maƙwabcina ya ce in sayi kebul ɗin da ake binnewa tsirara in huta, wani kuma ya ce dole a sa bututu, a kuma nutsa shi ƙasa da inda ƙanƙara take kaiwa. Wanne zan bi? Kuma ko zan iya zura wayar intanet a bututun, tunda ina son sa kyamara in riƙa duba awakin idan sun kusa haihuwa?
Daga wani mai karatu a Minesota.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, sannu da ɗawainiya, Allah kuma ya sa albarka a kiwon. Kafin komai ina roƙonka kada ka ɗaure waccan wayar da aka datse ka naɗe ta da salatif, domin da zarar ƙanƙara ta fara narkewa ruwa zai shiga ɗaurin, kuma dabbar da ke tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi mutum mai takalmi saurin jin wuta. Ka sa sabuwar waya mai kauri wadda aka yi don waje, ka jona ta a soket mai na'urar GFCI da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurara, sannan ka kewaya da ita ta inda motar ba ta bi. Wannan dabarar rage zafi ce kawai har ƙasa ta saki.

Shawarata ita ce ka sa bututu. Maƙwabcinka bai faɗi ƙarya ba, domin doka ta yarda a binne kebul mai suna UF-B ba tare da bututu ba, kuma ya fi arha a ranar saye. Sai dai ƙasar da kake zaune a kanta tana motsi kowace shekara, tana goga duwatsu a jikin duk abin da aka binne, ga kuma wata dabba mai kama da gafiya da suke kira gofa, wadda ke haƙa ramuka a gonakin yankin tana gwaguyar abin da ta ci karo da shi. Ranar da kebul tsirara ya lalace sai an sake haƙa ƙafa 150 ɗin gaba ɗaya, ko a yi ta neman wurin rauni. Idan kuwa akwai bututu, sai a zare tsohuwar waya a zura sabuwa cikin yini guda, ko da a tsakiyar hunturu ne ƙasa ta daskare kamar dutse. Bututun da nake nufi shi ne na roba, wato PVC, ruwan toka da aka yi don lantarki. Farin bututun ruwan famfo ba ya cikin lissafi, kuma mai duba aiki ba zai amince da shi ba.

Mutum na biyu, wanda ya ce a nutsa bututu ƙasa da inda ƙanƙara take kaiwa, shi ne ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Gaskiya ne dokar gine-gine ta Minesota ta ɗauki zurfin daskarewar ƙasa a matsayin inci 42 a kudancin jihar da inci 60 a arewacinta, amma wannan ma'auni na harsashin gini ne, kuma bututun ruwa ma ana nutsa shi sosai saboda ruwan cikinsa zai daskare ya fasa shi. Wayar tagulla ba ruwanta da sanyi, tana ɗaukar wuta a daskararriyar ƙasa lafiya lau. Kundin ƙa'idojin haɗa lantarki na Amurka, wato NEC, wanda ake sabuntawa duk shekara uku, ya tsara zurfin a sashe na 300.5. Kebul tsirara yana buƙatar inci 24 na ƙasa a kansa, bututun PVC inci 18, bututun ƙarfe mai kauri kuwa inci 6 kacal. A ƙarƙashin hanyar mota ta gidan zama ana neman inci 18, a ƙarƙashin titi ko hanyar da sauran motoci ke bi kuma inci 24. Ana auna wannan zurfi ne daga saman bututun zuwa doron ƙasa, saboda haka ramin da za ka haƙa sai ya ɗara hakan. Akwai sassaucin inci 12 ga layin gida mai bolt 120 da amfiya 20 idan yana da GFCI, amma ban ba ka shawarar ka fake da shi ba a filin da tarakta da motar abincin dabbobi za su riƙa takawa. Ni dai da filina ne, inci 24 zan yi tun daga gareji har ɗakin awaki.

Yanzu ga abin da na fi so ka fahimta, domin a nan ne yawancin aikin da aka yi da kyau yake lalacewa bayan hunturu biyu ko uku. Dusar ƙanƙara ba ita ce abokiyar gabar wayarka ba. Idan ta kwanta a kan fili tana aiki ne kamar bargo, saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta tana hana sanyi ratsawa cikin ƙasa. Inda aka share ta ko motoci suka danne ta, kamar hanyar nan da ta ratsa filinka, a nan sanyi yake nutsawa fiye da ko'ina. Ke nan bututunka zai bi ta ƙasa iri biyu, wadda ta daskare kaɗan da wadda ta daskare sosai, kuma ba tare suke motsi ba. Ruwa idan ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, amma ba wannan kaɗai ke kumbura ƙasa ba. A ƙasa mai laushin gari da danshi, sashen da ya daskare yana tsotso ruwa daga can ƙasa kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir, ruwan ya taru ya zama faya-fayan ƙanƙara masu ƙara kauri, su ɗaga duk abin da ke kansu da inci ɗaya ko fiye. Da narkewa kuma ƙasar ta sake zama, wani lokaci ba daidai inda ta taso ba. Yashi da tsakuwa ba su cika yin haka ba tunda ba sa riƙe ruwa.

Bututun da ke kwance a rami yana da ɗan lanƙwasa, yakan bi motsin ƙasa ba tare da ya karye ba. Matsalar tana bakin nan biyu inda ya miƙe ya fito, aka ɗaure shi a bangon gareji da na ɗakin dabbobi. Bangon da ke kan harsashi mai zurfi ba ya motsi, ƙasa kuwa tana ture bututun sama tana janyo shi ƙasa, har ya tsage, ko ya ɓalle daga akwatin haɗi, ko ya fizgo akwatin daga bango, wayoyi su fito fili. Maganinsa wani mahaɗi ne mai zamewa, bututu biyu da ɗaya ke shiga cikin ɗaya kamar eriyar rediyo. A sa shi a kowane baki, sama da ƙasa kaɗan, a daidaita shi yadda zai sami filin shiga da na fita, a ɗaure sashensa na sama da ƙarfi, a bar na ƙasa yana zamewa a cikin maɗaurinsa, a kuma bar 'yar rarar waya a akwati domin kada ta ɗame. Wannan mahaɗi yana kuma shanye miƙewa da tsukewar PVC ɗin kansa, wanda ke canza tsawo da kusan inci 4 a kowace ƙafa 100 idan zafi ya sauya da digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, irin tazarar da ke tsakanin Janairu da Yuli a wajenku. Sashen da ke waje kuma ya zama mai kaurin jiki, wanda ake sayarwa da sunan Schedule 80, domin PVC yana ƙara gautsi a sanyi, shebur ɗaya ko ƙahon bunsuru ya isa ya fasa siririn. Ka kuma lura da inda rufin kwano ke zubo tulin dusar ƙanƙara da inda mota ke tara abin da ta share, ka kauce musu wajen zaɓen bangon da bututun zai hau.

Kada ka ɗauka bututu zai hana ruwa shiga. Ko an sa gam da kyau, raɓa tana taruwa a ciki, shi ya sa kundin NEC ya ɗauki cikin duk bututun da ke ƙarƙashin ƙasa a matsayin jiƙaƙƙen wuri. Wayar da za a zura dole ta zama mai jure ruwa, irin mai tambarin THWN-2. Kebul ɗin cikin ɗaki mai suna NM-B, wanda ke da takarda a cikinsa, ba a yarda da shi a nan ba. A karkata ramin kaɗan yadda ruwa ba zai gangaro wajen gida ba, sannan a toshe bakin bututun da ƙullin liƙi na musamman a inda ya shiga gini, domin iskar gida mai ɗumi idan ta shiga bututu mai sanyi sai ta zama ruwa, ruwan kuma ya zama ƙanƙara.

Kaurin waya ma yana buƙatar lissafi, musamman ga wanda ya saba da wutar gida Najeriya mai bolt 230. A bolt 120 na Amurka, na'urarka mai wat 1500 tana jan amfiya 12.5, kusan ninkin abin da za ta ja a Zariya, kuma wutar za ta yi tafiyar ƙafa 300 zuwa da dawowa. Da wayar tagulla mai lamba 12 za ka yi asarar kusan kashi 6 cikin ɗari na ƙarfin wutar a hanya, da mai lamba 10 kusan kashi 4, da mai lamba 8 kuwa ƙasa da kashi 3, wanda shi ne iyakar da ake so. A ma'aunin Amurka, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Idan kana tunanin ƙara injin ko wata na'ura nan gaba, gara ka sa ƙaramin allon raba wuta a ɗakin dabbobin, wanda zai buƙaci wayoyi huɗu da makashin wuta da sandunan ƙarfe da ake kafawa a ƙasa. Wannan sashe ka bar wa ƙwararre mai lasisi, domin gine-ginen dabbobi suna da nasu ƙarin ƙa'idoji a sashe na 547 na kundin NEC.

Batun intanet kuwa, kada ka haɗa wayarsa ta tagulla da ta wuta a bututu ɗaya. Ka shimfiɗa bututu na biyu a ramin, da tazarar kamar ƙafa ɗaya. Kebul ɗin intanet na tagulla yana aiki har mita 100, nisanka kuma bai kai mita 50 ba, amma tsakanin gini biyu a buɗaɗɗen fili na fi son zaren gilashi, wato faiba, saboda gilashi ba ya ɗaukar wuta, tsawar da ta faɗi kusa ba za ta bi ta cikinsa ta ƙone maka na'urorin gida ba.

Ka sayi bututun da ya ɗan fi buƙatarka faɗi, inci ɗaya ko ɗaya da kwata, tunda haƙa ce mai tsada. Ka yi amfani da gwiwoyi masu faɗin lanƙwasa, kuma jimillar kwanoninka kada ta wuce digiri 360 tsakanin wurin zura waya da wurin janyo ta. A tsince duwatsu daga gindin rami, a shimfiɗa yashi ƙasa da saman bututun, a bar igiyar ja a ciki, a kuma shimfiɗa jan ƙyallen gargaɗi kamar inci 12 sama da shi, domin mai haƙa na gaba ya gan shi kafin ya kai ga wuta.

Kafin ka soka shebur, ka kira lamba 811, wadda a Minesota take kai ka ga cibiyar Gopher State One Call, aƙalla awa 48 kafin aiki ban da ranar da ka kira da ranakun hutu. Kyauta ne za a zo a yi maka alama, ja don lantarki, rawaya don gas, ruwan lemo don wayoyin sadarwa, shuɗi don ruwan sha. Sai dai ba sa nuna layukan da mai gida ya binne da kansa, irin bututun gas daga tankin bayan gida, da wayar famfon rijiya, da magudanar masai, kuma gidajen karkara cike suke da su. Waɗannan sai ka ɗauko mai gano su ka biya shi. Jihar ta yarda mutum ya yi aikin wuta da hannunsa a gidan da ya mallaka yake kuma zaune a ciki, muddin ya nemi izini aka zo aka duba, kuma mai dubawa yana son ganin ramin a buɗe, saboda haka kada ka cike shi kafin ya zo.

Lokacin aikin shi ne daga watan Mayu, bayan ƙasa ta saki ta tsane, zuwa Oktoba. Ka ɗauki hotunan ramin tun yana buɗe tare da awo daga kusurwar gini, ka ajiye su da takardun gidan. Sabuwar cikon ƙasa za ta lotsa a shekarar farko, sai ka tara ta ta ɗan yi tudu. Kafin dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ka kafa dogayen sanduna masu ƙyalli a gefen hanya da kusa da bakunan bututun biyu, ka kuma zagaya da direban motar da ke share muku hanya ka nuna masa su da rana.