Dalilin da ya sa muke ƙidaya kafin mu tashi

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce a wurin aikinku za a kwashe rumbun bayananku daga kwamfutar ofis mai SQL Server a mayar da shi Azure, wato girgijen Microsoft, injunan da take ba da haya ta intanet, amma dattijon da ke kanku ya hana a taɓa komai sai an zauna an rubuta duk aikin da rumbun yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Kana tambaya ko wannan al'ada tsoron mutanen da ce kawai, tunda nan da can duk kayan Microsoft ne.

Ka bi dattijon nan. Abin da yake tsoro ni na gan shi da idona.

Rumbun da ke ofishinku gidan kanku ne, na girgije kuwa gidan haya. Ɗakunan iri ɗaya ne: teburan nan, layukan nan, yaren SQL ɗin da ka saba. Sai dai mai gida ya riƙe wasu makullai a aljihunsa. Ɗauki misalin Amazon: a 2009 ta fito da RDS, wato nata hayar rumbun bayanai, kuma a RDS na yau da kullum ba ta ba ɗan haya damar shiga cikin injin da rumbun yake kai. Idan rumbu irin na PostgreSQL ka ɗauka a wurinsu, ba za su ba ka cikakken sarautar rumbun ba, sai wani matsayi da suka rage wa ƙarfi mai suna rds_superuser, kuma ƙarin kayan aiki sai waɗanda suka amince da su. Mai rumbu irin na Oracle da ya saba da RAC, inda injuna da yawa ke ɗauke da rumbu guda, ba zai same shi a RDS ba.

Naku ya fi damuna, don shi ya taɓa ƙona ni. A SQL Server akwai wani ma'aikaci da ba a ganinsa, SQL Server Agent, wanda ke tashi cikin dare ya yi ayyukan da aka ɗora masa. Azure SQL Database, rumbun hayar da ke Azure, ba shi da shi. Wata shekara mun kwashe rumbun wata ma'aikata, muka gwada komai da rana, muka ga lafiya lau, har muka sha shayi muna murna. Ashe akwai wani aiki da ke tashi ƙarfe biyu na dare yana lissafa bashin da za a cire daga albashi, wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin wurin, kuma ba wanda ya tuna da shi. Sai ƙarshen wata akanta ya shigo da takardu a hannu, fuskarsa ba annuri. Kwana uku muka yi muna lissafi da hannu. Tun daga ranar ban ƙara tashi ba sai na ƙidaya ayyukan dare, da tambayoyin da ke tsallakawa daga wannan rumbu zuwa wancan, da duk fayil ɗin da ake karantowa kai tsaye daga faifan injin. Microsoft da kanta ta ga wannan giɓi, shi ya sa a 2018 ta fito da wani rumbun haya a Azure mai suna Managed Instance, wanda ke da Agent kuma ya fi kama da na gida. Ka tambayi mutanenku wanne daga cikin biyun suke nufi, don kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne.

Kada ka ɗauka ina kushe girgije. Ni da na kwana a ɗakin injunan rumbu ina sauraren janareta, ina canza kaset ɗin ajiya da hannuna, na san darajar abin da suke bayarwa. RDS na iya riƙe maka ajiya, wato kwafin rumbunka, har kwana 35, ka koma daidai lokacin da ke gabanin kuskure. A zamaninmu wannan sai mai hannu da shuni. Amma ko da haka, duk wata ka dawo da ajiyar a wani wuri ka buɗe ta ka duba, gani ya kori ji.

Sai abu biyu da suka shafe mu a nan. Da dala ake ƙayyade kuɗin hayar, kai kuwa naira kake samu. Kuma injunan suna nesa: cibiyar Azure mafi kusa da mu a nahiyar nan tana Afirka ta Kudu. Ka tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka yi cirko-cirko a bankuna. Ka sa a takardar taku me za ku yi idan ranar ta maimaitu.

In kun gama rubutawa, turo mini in duba kafin ku sa ranar tashi. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka