Yaro ya ɓata motar maƙwabci bisa kuskure: wa zai biya?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki tun daren jiya, kuma na ga ya kamata in tofa albarkacin bakina, domin na taɓa zama uban yaron da ya yi ɓarna, na kuma taɓa zama mai motar da aka yi wa ɓarnar. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba, ɗanta ne mai shekara 9 yake koyon keke a ƙofar gida, ya faɗa kan motar maƙwabcinsu da ke ajiye, madubin gefe ya karye, ƙofar gaba ta karce. Mai motar ya ce sai an saya masa sabon madubi an kuma yi wa gefen motar fenti gaba ɗaya, in ba haka ba zai kai ƙara wurin 'yan sanda. Maigidanta kuwa ya ce ko kwabo ba zai biya ba, tunda yaro ne kuma tsautsayi ne.

Amsata ita ce ku biya, amma iyakar abin da yaron ya ɓata, kuma ku riga mai motar zuwa neman maslaha kafin maganar ta yi tsami. Zan faɗi dalilina, domin na san maigidanki ba zai gamsu da a ce masa ya biya kawai ba.

Hujjar da ake yawan kafawa ita ce hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya warke. Hadisin gaskiya ne, sai dai abin da aka ɗauke shi ne zunubi da uƙuba. Haƙƙin mutane yana nan daram. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya cewa ganganci da kuskure ɗaya suke a kan dukiyar mutane, shi ya sa ko baligi ne ya yi juyi cikin barci ya fasa tulun wani, ba shi da zunubi, amma ramuwa tana kansa. Yaronki bai yi laifin da za a hukunta shi ba, maƙwabcinku kuma bai yi abin da zai sa ya wayi gari da asara a ƙofar gidansa ba, kuma dole wani ya ɗauki nauyin madubin nan da ya karye.

Inda maigidanki yake da ƙamshin gaskiya shi ne batun aljihun da kuɗin zai fito. A mazhabar Malikiyya da muke bi, asalin ramuwar tana kan dukiyar yaron ne, ba dukiyar ubansa ba. Idan yana da gado, ko tunkiyar da kakarsa ta ba shi ana kiwata masa, daga nan waliyyinsa zai fitar a biya. Idan ba shi da komai, abin ya zama bashi a wuyansa har ranar da ya samu. Ba a tilasta wa uba biya don kawai shi ya haife shi, sai idan shi ya sa yaron, ko ya yi sakaci wajen kula da shi. To amma a tambayi maigidan naki: wane uba ne zai so ɗansa ya tashi da bashin maƙwabci a wuya tun yana firamare? Kuma wane maƙwabci ne za a ce wa ya jira shekara goma sha biyar kafin a gyara masa madubi, sannan a ci gaba da haɗuwa da shi a sahu ɗaya kullum? Shi ya sa al'adar mutanenmu ta tafi a kan uba ya biya wa ɗansa, kuma a ganina al'adar nan ta yi daidai.

Batun sakaci kuwa a kaina na koye shi. Shekarun baya na saya wa babban ɗana danƙon harbi da hannuna, yana ɗan shekara 10, na bar shi yana yawo da shi a unguwa. Wata rana ana bikin suna a gidan maƙwabcinmu, baƙi sun jera motoci a gindin bishiyar darbejiya, ya auna tsuntsu, dutsen ya sauka a gilashin bayan wata mota. Gilashin baya ba ya tsagewa ya tsaya kamar na gaba, rugurgujewa yake yi gaba ɗaya, don haka da na iso sai na tarar da kujerar baya cike da ɓarɓashi kamar an zuba tsakin ƙanƙara, yaron yana tsaye jikin katanga yana makyarkyata, danƙon har yanzu a hannunsa. A ranar ban tsaya neman wanda shari'a ta ɗora wa ba, domin na san wanda ya miƙa wa yaro abin harbi a unguwa mai cunkoso shi ne farkon mai laifi. Na kama hannunsa muka shiga zauren da baƙin suke, na tambayi mai motar, na ce masa ɗana ne ya yi, ga shi, ga ni, kuma gyaran yana kaina. Bawan Allah nan ya taso da fushi, amma da ya ga ba mu zo da musu ba sai jikinsa ya yi sanyi. Washegari muka je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa tare, muka samo gilashi irin nasa, kuma da aka zo biyan kuɗin aikin sakawa ya rantse shi zai biya. Har yau in mun haɗu a wani taro muna gaisawa da mutunci.

Karo na biyu ni ne na yi asarar, kuma ban karɓi komai ba, ba don na fi kowa haƙuri ba, sai don ba ni da haƙƙin karɓa. Na ba wani yaron maƙwabta mai kimanin shekara 13 makullin motata ya wanke mini ita, na shiga gida. Ya shiga goge ciki, ya saki birkin hannu, motar ta gangara ta daki ginshiƙin ƙofa, bamba ta fashe, fitila ɗaya ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar zuwa wurin mahaifinsa, sai na fara biyawa ta wurin malamin da muke ɗaukar karatu a zaurensa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya karanta mini abin da Shehu Halilu ya faɗa a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa yaro yana lamunin abin da ya ɓata matuƙar ba a ba shi amanarsa ba. Ya ce tunda ni na ɗauki makulli na danƙa wa wanda bai balaga ba, ni na ba shi iko a kan dukiyata, don haka asarar tawa ce. Ina kawo wannan ne saboda masu motoci da ke cikinmu, waɗanda suke aiken yara ɗauko kaya a but, ko su bar su wasa a cikin mota, in abu ya faru kuma su nufi gidan iyayensu da faɗa.

Ke nan kafin a yanke abin da za a biya, sai an duba ɓangaren mai motar shi ma. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobin. Ba ina kwatanta yaro da dabba ba ne, abin da nake so a lura da shi shi ne yadda aka raba nauyin tsaro tsakanin ɓangarorin biyu gwargwadon abin da aka saba. Ban tuna wani zaman sulhu da na halarta a ƙofar mai unguwarmu ba wanda ba a yi wannan tambayar ba: a ina motar take? Wanda ya ajiye motarsa a jikin katangar gidansa, inda ya saba ajiyewa, ya bar wa mutane hanya, ya yi abin da ke kansa, a biya shi cikakke. Wanda kuwa ya gicciye ta a tsakiyar lungu, ko ya kai ta bakin filin da yara suke buga ƙwallo kowace yamma alhali an sha yi masa magana, to yana da kaso a cikin asararsa, kuma a irin wannan na ga an raba kuɗin gyara biyu kowa ya amince. Ki duba da gaskiya inda motar maƙwabcinku take a ranar, ki kuma duba ko akwai babban da ke kula da yaron lokacin da yake koyon keken.

Sai adadin abin da za a biya, wanda a nan ne nake ganin maƙwabcinku ya wuce gona da iri. Ramuwa ana yin ta ne da kwatankwacin abin da aka ɓata ko ƙimarsa, ba a mayar da ita hanyar sabunta mota. Idan madubin da ya karye tsohon madubi ne na motar da ta shekara goma a hanya, haƙƙinsa shi ne madubi mai kyau irin nasa, ko da na Beljiyam ne, wato na hannu, matuƙar yana aiki kamar yadda nasa yake yi. A duba ma ko gilashin ne kawai ya fashe ko har da gidan madubin, domin sau da yawa gilashin kaɗai ake canzawa, sai dai in mai lantarki ne kuma na'urarsa ta lalace. Karcen ƙofa kuma a zuba masa ruwa a gani: in ya ɓace yana jiƙe, a saman fenti yake, gogewa da man folish ta ishe shi. In farce yana maƙalewa a ciki, ko ana hango farin ƙasa ko ƙarfe, to sai an yi fenti, amma ƙofar da ta karce ake fesawa, ba gefen mota daga fitila zuwa fitila ba. Mai motar zai iya cewa launin ba zai zo ɗaya ba tunda rana ta ci tsohon fentin, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya, maganinta shi ne a kai wa mai fentin da ya iya haɗa kala, ko da kuɗinsa ya ɗan fi. In yana son a fesa sauran gefen, sai ya cika daga aljihunsa. Ku je gareji tare, a ji farashi daga bakin mutum biyu, kuma ya fi kyau ku biya mai gyaran kai tsaye a gabansa.

Barazanar 'yan sanda kada ta firgita ki. Kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa tun 1960 ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne, haka ma wanda ke tsakanin 7 da 12 in bai kai fahimtar abin da yake yi ba, kuma laifin ɓarnata dukiya sai da niyya ko sanin cewa ɓarnar za ta auku. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan rikicin da ba na aikata laifi ba. Hanyar mai motar ita ce kotu ta neman diyya, kuma a can ma tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila bai ɗora wa uba biya don haihuwa kawai ba, sai an nuna sakacinsa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su lura cewa nasu ya bambanta, domin dokar da aka gada daga Faransa ta ɗora wa iyaye alhakin ɓarnar 'ya'yansu ƙanana da ke zaune tare da su. Duk da haka ba na so ku riƙe wannan a matsayin makami. Na ga maƙwabta biyu da suka kai juna ofishin 'yan sanda a kan fitilar mota guda ɗaya, abin da suka kashe a zirga-zirga ya ninka kuɗin fitilar, kuma har ɗayansu ya tashi daga unguwar matansu ba sa shiga gidan juna ko da rasuwa aka yi.

Wani ya ambaci inshora a amsarsa. Inshorar dole da yawancinmu muke yanka, wadda ta koma naira 15,000 tun farkon 2023, tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne, ba ta gyara taka motar. Sai in maƙwabcin naku yana da cikakkiyar inshora ne za ta shigo cikin wannan magana, kuma babu laifi a tambaye shi cikin ladabi.

Shawarata ita ce ki lallashi maigidanki ya je da kansa yau bayan sallar magariba, tare da dattijo ɗaya da mai motar yake jin nauyinsa, kuma su tafi da yaron ya ba da haƙuri da bakinsa. Kada a dake shi, kada kuma a bari wani ya zage shi a wurin, domin yaron da aka yi wa dukan tsiya a kan kuskure, gobe in ya yi wata ɓarnar gudu zai yi ya ɓoye. In yana da asusu, a fasa a ɗauki wani abu a ciki komai ƙanƙantarsa a haɗa a kuɗin gyaran, ya gani da idonsa. In kuɗin ya fi ƙarfinku a lokaci ɗaya, ku faɗa a fili ku nemi a raba muku biya biyu ko uku, a rubuta a takarda, dattijon ya sa hannu. In kuma mai motar ya ce ya yafe, ku karɓa da godiya, kada maigidan ya ce sai ya biya don kada a raina shi. Keken kuma a mayar da koyonsa filin makaranta ko wani wuri da babu motoci har hannunsa ya faɗa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya mana yaran baki ɗaya.